Filin Zare da Mazari: Wai da gaske garin jus yana rina ulu?

Assalamu alaikum ma'abota wannan fili. Tun ranar da na sa hoton wancan zaren mai ja da ruwan lemo na ce da garin jus na rina shi, saƙonni basu daina shigowa ba, wasu da gaske suke tambaya, wasu kuma ɗauka suka yi zolaya nake. Na tsinto waɗanda aka fi maimaitawa, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri dan Allah, filin ne ba yawa.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni sabuwar mai kaɗi ce, wata uku kenan da na fara riƙe mazari. Na sayi farin sutun ulu giram 100, irin dogon nan da aka taje kaman igiya mai taushi, kuma wlh na gaji da kaɗa fari. Da gaske ɗan fakitin garin jus ɗin da ake kaɗawa a ruwa zai rina shi? Bazai wanke ba daga baya? Ki min bayani dalla-dalla dan Allah, tsoro nake kar in ɓata kayana.

Amsa: Ƙanwata da gaske ne, kuma ba wani siddabaru a ciki. Ɗauko fakitin ki juya bayansa ki karanta abinda aka haɗa, zaki ga sunaye irin su Red 40, Yellow 5, Yellow 6, Blue 1, ko kuma lambobi E129, E102, E110, E133, ya danganta da ƙasar da aka yi shi. Wasu zaki ga E122 ko E124, suma ja ne. To waɗannan kalolin ƴan gida ɗaya ne da rinin da masaƙu ke rina ulu da siliki, irin rinin da baya kamawa sai da tsami. Shi Yellow 5 ɗin ma a kundin marina sunansa Acid Yellow 23, Blue 1 kuma Acid Blue 9, kinga kenan abu ɗaya ne sunan yanka ne ya bambanta. Sannan sinadarin farko da ake rubutawa a irin fakitin da ba suga shine sitirik asid, wato tsamin lemon tsami. Ga rini ga tsami an haɗa miki a leda ɗaya, wuta kawai ta rage.

Yanda abin yake aiki kuwa, ulu gashi ne, da wani furotin mai suna keratin aka gina shi irin na gashin kanki da farcenki. In ya shiga ruwa mai tsami sai wasu gurabe a jikin silin su ɗauki caji, su kuma ƙwayoyin kalar cajinsu kishiyar wancan ne, sai su ja juna kaman mayen ƙarfe da allura. Zafi kuma shi ke sa silin ya kumbura kalar ta shige can ciki maimakon ta tsaya a baya. Shi yasa in anyi daidai baya wankewa.

Wanda ya fi suna a wannan harka shine Kool-Aid na Amurka. Wani Edwin Perkins ne ya ƙirƙiro shi a 1927 a garin Hastings na jihar Nebraska, da farko ruwa-ruwa yake sayarwa a kwalba, kwalaben suna fashewa a hanya ga tsadar dako, sai ya ƙafar da ruwan ya bar gari. Bana jin ya taɓa kawowa a ransa wata rana masu kaɗi zasu dinga saye dan tumaki. Amma ba dole sai shi ba, duk garin da yake da waɗancan kalolin kuma ba suga zai yi.

Awo tukuna. Abinda masu yi suka saba shine fakiti ɗaya, mai wajen giram 4 ɗin nan, ga ulu kusan giram 30. Naki giram 100 ne, fakiti 3 ko 4 zasu baki kala tsaka-tsaki, in kina son ta fito rau sosai ki ninka. Ance ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ki nemi ɗan sikeli, dan ulu yana da yaudara, tuli guda ki ɗora ki ga giram 40 ne. Kuma ki riƙe wannan, yawan ruwan tukunya ba shi ke sa kala tayi duhu ko haske ba, yawan gari akan nauyin ulu shine magana. Ruwan dai ya isa ya shanye ulun ya samu wurin sakewa, shikenan.

Ki fara jiƙa sutun a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke, minti 30 ko fiye. Ki ɗora shi a kan ruwan ki danna a hankali har ya nutse, kar ki sakar masa famfo a ka. Ulu baya shan ruwa da wuri, in kika yi gaggawa tsakiyarsa zai zauna a bushe ki samu fari-fari a ciki. Tukunyar ta zama ta sitil wadda bata tsatsa, ko mai fenti a ciki, ko kwanon tangaran mai jure wuta. Ta alminiyam tsami yana cinta kuma takan dusashe kalar. Ki narkar da garin tas a kofi, ki juye a ruwan tukunya ki motsa sosai, wannan ne motsi na ƙarshe da zaki yi, daga nan ki ajiye ludayi nesa da ke. Ɗago ulun da hannu biyu ki ɗan matse, ki kwantar da shi a ciki, ki kunna wuta ƙasa-ƙasa.

Abinda ake nema zafin digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Salsiyas. In baki da ma'aunin zafi, ki duba lokacin da tururi ya fara tashi kuma ƴan ƙananan ƙwai suka fara fitowa a gindin tukunya amma bai tafasa ba. Ki riƙe shi a haka minti 20 zuwa 30. Nan ne zaki ga abin mamaki, ruwan da kika zuba jawur zai koma garau kaman ba a taɓa sa masa komai ba, duk kalar ta koma jikin ulu. Wasu garin suna barin ruwan da ɗan fari kaman an ɗiga madara, wannan ba komai, kala dai ta ƙare. Sai ki kashe wuta ki rufe ki tafi harkarki. Ni da dare nake yi in kwanta, da safe in tarar ya huce da kansa, kuma a wannan hucewar ragowar kalar ke ƙarasa shiga.

Ɗauraya da ruwan da zafinsa yayi daidai da na ulun, tsoma, ɗaga, canza ruwa, har ya fita fes. Shimfiɗa a tsohon tawul ki naɗe ki danna, banda murɗawa. Shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Zaki ganshi ya lanƙwashe kaman jiƙaƙƙiyar mage ranki ya ɓaci, ki barshi ya bushe ƙarau, zai tashi. Kalar kuma zata ɗan fi haske in ya bushe. Af, ki sa safar hannu, fatarki ma furotin ce, ni na taɓa yin kwana biyu da jan hannu kowa na tambayata ko lafiya.

Tambaya: Anti ni kam na gwada, kalar tayi kyau masha Allah, amma ulun ya cure ya zama kaman igiyar ɗaure kaya, na ja na ja ya ƙi zaruwa har yatsuna sun yi ciwo. Merino ne kuma da tsada na saye shi. Akwai gyara?

Amsa: Wayyo, sannu ƴar'uwa. Ko baki faɗa ba nasan ɗayan uku kika yi, ko kin barshi ya tafasa yana birkiɗa a tukunya, ko kin dinga juyawa da cokali dan kala ta shiga ko'ina, ko kin tsamo shi da zafinsa kin jefa a ruwan sanyi. Nima haka nayi ranar farko, na tsaya a kansa ina juyawa kaman mai girki, ina ganin ai taimakonsa nake.

Kowane silin ulu yana da ɓawo-ɓawo jere a jikinsa irin na kifi, ido baya gani sai da madubin likita. In ya jiƙe ya ji zafi, musamman in da sabulu, ɓawon yakan ɗaga. A wannan halin in aka motsa shi, silin zai iya zamewa gaba amma bazai iya dawowa baya ba saboda ɓawon yana maƙalewa da na maƙwabcinsa, haka zasu yi ta sarƙewa har su zama abu ɗaya. Zafi shi kaɗai baya curar da ulu, sai ya haɗu da motsi. Shi yasa nake ta nanatawa, rinin nan ba wuya, wuyar mutum ya iya hana hannunsa taɓawa. Ke kuma sai kika fara da wanda ya fi kowa saurin fushi. Merino, tunkiyar da asalinta daga Sifen take, silinta siriri ne ƙwarai, yawanci ƙasa da maikiron 24 (maikiron shine ma'aunin kaurin sili), kuma iya sirantarsa iya saurin curewarsa. Mai koyo gara ta fara da Corriedale, wadda aka samo a Niyu Zilan daga haɗa merino da tumaki masu dogon gashi, tana da haƙuri. Ko ki nemi wanda aka rubuta superwash a takardarsa, shi an bi shi da kulorin an rage kaifin ɓawon sannan an shafe shi da wani siririn danƙo, baya curewa, kuma yana zuƙe kala da sauri ta fito tar. Illarsa santsi ne da shi a hannu, kuma gurin da kala ta fara taɓawa nan take kamawa.

Maganar gyara, ki fara tantancewa. Wani lokacin matsewa kawai yayi ba curewa ba. Ki kama sutun da hannu biyu, tazarar hannayenki ta fi tsayin sili ɗaya, kice santimita 15 zuwa 20, dan in kika kama kusa-kusa to sili ɗaya kike ja ta kai da gindi, ko lafiyayye ne bazai zaru ba. Ki buɗa shi ta faɗi a hankali kaman kina buɗe auduga, ki bi shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ki tsaga shi ta tsayi gida huɗu ko shida. In siraran sun fara zamewa to kin tsira. In baya ne kawai ya kama ciki na da taushi, burushin taje ulu zai ceto mafi yawa, har irin burushin taje karnuka mai siraran haƙoran ƙarfe yana yi, sai dai kalolin zasu gauraya. In kuwa ya riga ya zama kaman bargo, gaskiya ɗaya ce, baya warwaruwa. Ki ƙarasa curar da shi da ruwan zafi da sabulu ki yanka kiyi matashin allura ko abin ɗora kofi.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Ni namiji ne, hula da safa nake saƙawa, kwanan nan na fara koyon kaɗi. Na bi duk abinda kika ce, na dafa awa guda, ruwan yana nan jawur, da na ɗauraye sai abin ya koma fari da ɗan dishi-dishin ruwan hoda. Mai kayan ya rantse min ulu ne zalla.

Amsa: Lafiya lau Malam, kuma madalla da samun namiji a filin nan. Ina jin tsoron ba ulu aka baka ba. Kalmar ulu ta zama gama-gari, duk zare mai gashi-gashi ulu ake ce masa, alhali da yawansu akirilik ne, wato roba aka ja ta zama sili. Mai kayan ma ta yiwu shima haka aka faɗa masa. Wannan rinin yana kama abinda ya fito daga jikin dabba ne, ulun tunkiya, alfaka (wata dabba dangin raƙumi mai gashi), moheya na akuya, gashin zomo, siliki. A cikin na roba nailan ne kaɗai ke karɓa. Auduga, lilin, akirilik, foliyesta, duk basu da waɗancan guraben da kalar ke maƙalewa, ko ka kwana kana dafawa ɗan tabo kawai zasu yi.

Gwajin ba wuya. Tsinko ɗan kaɗan ka riƙe da hantsaki a kan faranti, ruwa na kusa, ka kanga masa ashana. Ulun gaske ƙaurin gashi yake yi, baya son ci, kana janye wutar zai mutu, ya bar baƙin abu da zaka murje da yatsa ya zama gari. Akirilik ci yake da wuta sosai yana narkewa yana ɗiga, da warin roba, ya bar dunƙule mai tauri, ka kiyayi yatsanka. Auduga warin takarda take ta bar toka mai laushi. In kana son ka ƙara tabbatarwa, jefa wani guntun a ɗan bilic cikin kwalba ka barshi ya kwana, ulu narkewa yake ya ɓace, roba da auduga zaka tarar da su. In rabi ya narke rabi ya rage to haɗi ne, irin wannan yana rinuwa amma sirki-sirki, wani lokacin ma yayi kyau.

In kuma gwaji ya nuna ulu ne, to duba abu biyu. Ko ɗanye ne daga jikin tunkiya da maiƙonsa, wannan man da ake kira lanolin yana tare kala, sai an wanke shi da ruwan zafi da sabulu ba tare da cuɗawa ba. Ko kuma garin da ka saya kalarsa daga tsirrai ce, irin su karotin na karas ko jan bitirut, su basa kamawa ta wannan hanyar.

Tambaya: Anti duk wanda na samu mai suga ne. In yi da shi?

Amsa: Ni dai bana so. Mai suga kusan duk nauyinsa suga ne, kalar ƴar mitsitsiya ce, sai kin zuba uban yawa kafin ki ga wani abu, kuma suga da wuta kin san danƙo ne, ga ɗauraya ba iyaka, ita kuwa yawan ɗauraya hanyar curewa ce, ga kiran tururuwa in bai fita duka ba. Ki bar wahalar da kanki, ki sayi kalar abinci irin ta masu kek, ta ruwa ko mai kauri, ainihin kalolin nan ne dai. Ita ba tsami a cikinta, sai ki zuba farin ruwan khal cokali 2 zuwa 3 a kowace lita ta ruwa, ko ƙaramin cokali na garin sitirik asid. Mai zaƙin da ba suga ba, irin na masu rage ƙiba, shi yana yi ba laifi.

Tambaya: Ranki ya daɗe na sa mai ɗanɗanon inabi ina son shunayya, sai ya fito wani gurin ja-ja wani gurin shuɗi, ruwan tukunyar kuma ya ƙi washewa, bulu ya zauna. Me nayi ba daidai ba?

Amsa: Baki yi komai ba ƴata, halinsa ne. Babu kalar shunayya guda ɗaya a cikin garin, ja ne da shuɗi aka gauraya, Red 40 da Blue 1, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. Jan mai rawar kai ne, yana jin tsami da ɗan ɗumi zai cafke gurin da ya fara samu, shuɗin kuma sai ya ga dama, yana son zafi ya kai kuma a bashi lokaci. To kafin ya shirya jan ya riga ya cika bayan sutun, shi sai ya lallaɓa ciki da gefen da ja bai kai ba. Ruwan da kika ga ya rage bulu, da kin ƙara cokali ɗaya na khal ta gefen tukunya kin ƙara masa minti 15 sannan kin barshi ya huce a ciki, da ya shige.

In kina son ya fito bai ɗaya, ki jiƙa ulun a ruwa zalla ba khal, ki sa shi a tukunya tun ruwan na sanyi da ruwa wadatacce, ki ɗaga zafin sannu a hankali. Ko ki raba aikin, ki rina shuɗi tukuna har ruwa ya washe, sannan ki bi da ja kaɗan-kaɗan har ki samu yanda kike so, dan jan yana da danniya. Amma tsakani da Allah ni wannan rabuwar ita nake nema da gangan. In aka kaɗa shi zaren yana fita da wani irin zurfi, ja na leƙowa shuɗi na leƙowa, wanda kala ɗaya shar bata taɓa bayarwa. Ki kaɗa ɗan kaɗan ki gani kafin ki yanke masa hukunci.

Tambaya: Anti na ga masu rina sutu kala-kala kaman bakan gizo. Na kwaikwaya da ja da kore da ruwan lemo da shuɗi, a sutu kam kaman a sace, amma da na kaɗa na tufka sai ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa mara fasali. Ina matsalar take, rinin ko kaɗin?

Amsa: Duka biyun, amma kaɗin ya fi laifi. Bari in fara da yanda ake zubin dan waɗanda basu taɓa ba. A shimfiɗa ledar naɗe abinci a tebur, a kwantar da jiƙaƙƙen sutu da aka matse, kowane fakiti a narkar da shi a rubu'in kofi na ruwa, a ɗiga da cokali ko sirinji gurbi-gurbi, a danna da safar hannu har ya ratsa, a juya a duba ƙasa dan nan fari ke ɓuya. Sai a naɗe a ledar a turara a kan tururi minti 30. Mai maikirowef kuma minti 2 a kunne, minti 2 hutu, sau uku ko har ruwan da ke fita in an danna ya zama garau. Kar a kuskura a sa shi a bushe, ƙonewa yake, kuma kar a buɗe ledar sai ta huce, tururin ciki yana sale fata.

To matsalarki. Akwai kalolin da basa ga maciji da juna, ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, ɗorawa da shunayya. A gefen juna suna haska juna, amma in suka cakuɗa laka suke bayarwa. Ke kuma huɗun da kika zaɓa abokan gaba biyu-biyu ne. Shi kaɗi kuwa cakuɗawa ne, duk sanda kika ja sutu silin wannan gurbi yana shiga na gaba. Silin merino bai wuce santimita 6 zuwa 10 ba, in gurbin kalarki bai fi haka tsayi ba to tun kafin ya hau mazari ya gauraye. Ki dinga yin kowane gurbi santimita 25 ko 30, kuma tsakanin maƙiya ki sa mai shiga tsakani, ɗorawa tsakanin ja da kore misali, ko ki bar fari kaɗan.

Sai tufka. In kika haɗa zare biyu kowanne da kalarsa, ja ya hau kan kore, daga kusa tsiri-tsiri ne, daga nesa ido sai ya haɗa su ya ga ruwan ƙasa. In kina son kowace kala ta tsaya da ƙafarta, kiyi tufkar sarƙa, wato zare ɗaya ki dinga jawo babban madauki ta cikin madauki irin na kwarashi kina murɗawa, zai zama ruɓi uku kuma kowane gurbi da kansa yake haɗuwa. Ko ki tsaga sutun biyu daidai ta tsayi, ki kaɗa kowanne daga kai ɗaya, in kin zo tufka kalolin zasu yi kusan dacewa, ba ɗari bisa ɗari ba dan hannu ba inji bane. Akwai kuma wadda ni na fi so, rabi ɗaya ki kaɗa shi yanda yake kalolin su yi dogon zango, ɗaya rabin ki sake tsaga shi huɗu ki kaɗa ɗaya bayan ɗaya su yi gajeren zango, sai ki tufka su tare. Amma wannan da kaloli ƴan uwan juna take kyau, ja da ruwan lemo da ɗorawa, ko shuɗi da kore.

Wancan da kika riga kika kaɗa kar ki yar. Ki saƙa ɗan faɗin tafin hannu ki gani, ruwan ƙasar da aka samu daga kala huɗu ba irin na kanti bane. In har yanzu bai miki ba ki sake tsoma zaren duka a ja mai yawa ko shuɗi mai yawa, zai haɗe kansu. Baƙi wuluk ne dai kar ki sa rai, garin jus baya bayarwa, iyakarsa toka-toka mai duhu.

Tambaya: Anti hular jariri nake son yi wa jikata. Bazai zuba ko ya koɗe ba? Kuma ba illa ga fatarta? Ƙamshin fa?

Amsa: Allah ya raya ta Hajiya. In an dafa shi har ruwa ya washe an ɗauraye fes, baya zuba a wankin ruwan sanyi. Abinda ke fitar da shi omo ne da sabulu mai kaifi da ruwan zafi, tunda da tsami ya kama to kishiyar tsami ke sakinsa. Ga kuma omon da ke ɗauke da sinadarin cin tabon furotin, shi ulun kansa yake ci. Ki wanke da hannu da ɗan shamfu mara ƙarfi, ɗaurayar ƙarshe ki ɗiga khal, ki shimfiɗa a kwance ta bushe. Koɗewa kam bazan ɓoye miki ba, kalar abinci ba dan zama a rana aka yi ta ba, bata kai rinin masaƙa juriya ba, in ana shanyawa a rana kullum zata dusashe. Hula da safa da ake ajiyewa a durowa suna shekaru da kyansu, labule ne ko abin shimfiɗa a bakin taga bazan baki shawara ba.

Fata kuma, kala ce da aka yarda a sha, kuma ta riga ta maƙale a sili. Abinda ya fi sa jariri kuka kaushin ulun ne, silin da ya haura maikiron 30 yana suka, dan haka ki nemi merino mai laushi, in da hali wanda baya curewa saboda uwar ta huta wajen wanki. Ki goga a wuyanki tukuna, in ya soke ki to ita ya fi sukanta. Ƙamshin inabi ko na lemo yana ɗan zama, wanki ɗaya biyu ya tafi.

Tunda muna kan maganar, masu amfani da Kool-Aid ku dinga karanta bayan fakiti ko kun saba da shi. A watan Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta soke izinin wata jar kala mai suna Red 3 a abinci, sannan a watan Yuni na shekarar kamfanin Kraft Heinz mai Kool-Aid ya sanar zai cire irin waɗannan kalolin daga kayansa na Amurka kafin ƙarshen 2027. Duk fakitin da kuka ga an koma kalar tsirrai, ku kaɗa ku sha abinku, na tukunya kuma ku koma kalar kek da khal.

Masu tambaya akan rini da rana cikin kwalba ba wuta, na gani, kwalabena biyu suna kan taga yau kwana uku, ja ya riga ya washe shuɗin ne yake ta jan aji. In ya gama zan kawo muku a fitowa ta gaba in sha Allah.